Ernest Shackleton: madugun da jirginsa ya nutse amma ya maido da mutanensa gida

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido sukan tashi daga garin Ushuaia na ƙasar Ajantina su nufi Antatika, wato yankin ƙanƙara da ke ƙuryar kudancin duniya. Da yawa daga cikinsu sukan ya da zango a tsibirin Jojiya ta Kudu, matafiya su sauka su ziyarci kabarin Ernest Shackleton. Shi wannan mutum bai taɓa cim ma babban burinsa ba, amma har yau ana ambatonsa cikin manyan madugai.

An haife shi a ƙasar Ailan a 1874. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya kama aiki a jiragen ruwa na fatauci. A 1901 ya bi ayarin Robert Scott zuwa Antatika, rashin lafiya ta sa aka maido shi Ingila. A 1907 ya haɗa nasa ayarin. Ran 9 ga Janairun 1909, shi da mutum uku suka kai inda saura kamar kilomita 180 su isa ainihin ƙuryar kudu, wurin da ba wanda ya taɓa takawa. Ya lissafa guzuri, ya ga ba zai kai su ya maido su ba, sai ya ce a juya. Duk huɗun sun tsira. Shekara uku bayan haka Scott ya isa wurin, amma shi da abokan tafiyarsa huɗu suka mutu a hanyar dawowa.

A 1914 Shackleton ya sake fita da jirgin da ake kira Endurance, su 28, da niyyar ratsa Antatika daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba su ko taka ƙasa ba. A Janairun 1915 ƙanƙara ta daskare ta riƙe jirgin a tekun Weddell, ta yi ta matsarsa har ya farfashe, ya nutse ran 21 ga Nuwamba. Da suka bar jirgin ya yanke wa kowa kayan da bai wuce kilo ɗaya ba, shi ya fara zubar da kuɗinsa na zinariya a kan ƙanƙara kowa na gani. Sun yi wata biyar da ɗoriya a tantuna bisa ƙanƙarar da ke yawo a kan teku, suna cin naman dabbobin ruwa.

A Afrilun 1916 ƙanƙarar ta tsage, suka shiga ƙananan jirage uku suka isa Tsibirin Giwa, inda ba kowa, ba kuma jirgin da ke biyowa. Shackleton ya bar mutum 22 a nan, ya ɗauki biyar a jirgin da tsawonsa bai kai mita 7 ba, suka yi tafiyar kusan kilomita 1,300 cikin guguwa zuwa Jojiya ta Kudu. Sun sauka a gefen da ba mutane. Shi da mutum biyu suka haura duwatsu na awa 36 har suka isa sansanin masunta na Stromness ran 20 ga Mayu.

Sau uku yana ƙoƙarin komawa Tsibirin Giwa ƙanƙara na tare shi. A karo na huɗu, ran 30 ga Agusta, ya isa da jirgin Yelcho na ƙasar Cile, ya tarar da mutum 22 ɗin da ransu. Sai dai ɗaya ɓangaren ayarin, wanda aka tura can wata gaɓar don ajiye masa guzuri a hanya, ya rasa mutum uku.

A harkar kuɗi kam Shackleton bai yi sa'a ba. Ya taɓa kasuwancin taba da na ma'adinai, duk ba riba, ya rasu da bashi a kansa. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 5 ga Janairun 1922 a Grytviken da ke Jojiya ta Kudu, yana kan wata sabuwar tafiya, yana da shekara 47. Matarsa Emily ta ce a binne shi can. A Maris na 2022 aka gano Endurance a ƙarƙashin teku, zurfin mita 3,008, sunansa na nan a jikinsa.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jan mutane a doguwar hanya ya san irin wannan rana, da za a zaɓa tsakanin kaya da rayukan yaran da iyayensu suka ba da amana. Shackleton ya rasa jirgi, ya rasa jari, ya kawo mutum 27 da suka bi shi gida.