Abubakar Imam da Tatsuniyoyin Jamus

Yawancin masu karanta Magana Jari Ce sukan ɗauka cewa labaran da Aku ke bai wa Musa ɗan Sarki duk a ƙasar Hausa aka haife su. Alhali wasu daga cikinsu sun taso ne daga Jamus, daga tarin da Yakubu Girim da ƙanensa Wilhelm suka fara bugawa a 1812. Wannan Yakubun shi ne wanda ɗaliban ilimin harsuna suka sani da dokar sauyin baƙaƙe mai ɗauke da sunansa.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ɗan alƙali ne, kuma ƙanen Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki. A Katsina ya yi karatun boko, ya shiga kwalejin horon malamai a 1927, ya fita a 1932, ya kama koyarwa a makarantar Midil ta garin. Ke nan Hausar da ta cika masa kunne a ƙuruciya ita ce ta Katsina, ƴar uwar wadda ake yi a Madarunfa da Maraɗi, ko da yake rubutunsa ya bi daidaitacciyar Hausa.

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, Ruwan Bagaja ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa aka buga. East ya ga gwanintarsa, sai ya nemi a ba da aronsa. A 1936 Imam ya zauna Zariya wata shida, aka tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, daga cikinsu ya fitar da Magana Jari Ce, littafi uku.

Ba daga Jamusanci ya ɗauko tatsuniyoyin ba, ta Ingilishi suka iso gare shi, wato fassara ce a kan fassara. Kuma ko kalmar fassara ba ta cika dacewa da abin da ya yi ba. A dubi labarin Kalala da Kalalatu. A wajen ƴan Girim, wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sannan ta raɗa wa baƙon cewa wuƙar da ake wasawa ta yanke masa kunnuwa ce. Baƙo ya ruga, maigida ya bi shi yana roƙon a bar masa ko guda. Imam bai taɓa ƙashin labarin ba, amma ya mai da kuku da ubangidanta mata da miji, domin a gidan Bahaushe nan ne irin wannan rikici yake da mazauni. Sunayen ma kansu, da suka fito daga tushe guda, sun isa su sa dariya tun ba a shiga labari ba. Haka ya yi wa mai sarewar garin Hamelin, ya zama Sarkin Busa. Wanda ke nazarin fassara zai fi ƙaruwa in ya jera matanin biyu ya ƙirga abin da aka zubar da abin da aka ƙara, maimakon tsayawa gardamar ko aro ne ko ƙirƙira.

Daga 1939 aikin jarida ya janye shi, ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin ƴan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan tafiyar. Bayan haka siyasa da aikin gwamnati da rubuce-rubucen tarihin Musulunci suka ci sauran shekarunsa, bai sake komawa ga hikaya mai girman ta Aku ba. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.