Labarin Alhaji Alhasan Ɗantata, Marayan Bebeji

Ga labarin marigayi Alhaji Alhasan Ɗantata na Kano, Allah ya jiƙansa, wanda ya zama attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Mutane da yawa sun ɗauka gādon kuɗi ya ci. Ba haka al'amarin yake ba, ko da yake akwai abin da ya gada wanda ba a kasafta shi a gaban alƙali.

An haife shi a Bebeji cikin shekarar 1877. Ubansa shi ne Madugu Abdullahi, ɗan Baba Talatin, wanda ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Su Agalawa ne, watau jama'ar da kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka riƙi fataucin goro sana'a. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne ke da hanyar Gwanja. Sukan ɗora wa jakuna tufafin Kano da kanwa da fatu, su yi wata da watanni a hanya kafin su kai kasuwar Salaga, sa'an nan su komo da goro. Al'adarsu ce su aurar da 'ya'yansu a junansu, don haka dukiya da amana da sanin hanya ba su cika fita daga dangi ba. Yaron da aka haifa a irin wannan gida, tun bai yi wayo ba yana jin sunayen zango-zango, yana ganin yadda ake fitar da ruɓaɓɓen goro daga huhu don kada ya ɓata sauran. Uwar Alhasan ma, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka Allah ya yi wa Madugu rasuwa. Aka raba gādo bisa shari'a, 'ya'ya kuwa da yawa, abin da ya zo hannun Alhasan bai taka kara ya karya ba. Uwar ta tashi ta koma Ankara ta bakin teku, inda take da harka, ta bar shi hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ta rene shi, har mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata, sunan ya bi shi. Abin lura ne ƙwarai a ƙasar da ake tambayar asalin mutum kafin a ba shi aure: sunan da jikoki da tattaɓa-kunne suke tinƙaho da shi yau, sunan baiwa ne, sunan Madugu kuwa sai masu bin tarihi suka san shi.

Aka sa shi makarantar allo a Bebeji. Ya yi zaman almajiranci sosai, ya yi wa malaminsa hidima, ya nemi abin da zai ci da hannunsa, ya koyi tara ɗan abin da ya samu a asusu. Da ya kai wajen shekara goma sha biyar sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga uwarsa. Da ya isa Ankara ba ta zaunar da shi cikin daula ba, sai ta kai shi wurin wani malami ta ce ya zauna can har lokacin komawarsa gida. Wanda bai san fatake ba zai ce ta yi masa rowa. Amma mace da ta ga yadda dukiyar madugu take watsewa ranar da ya mutu, ta san abin da ya fi dacewa a bar wa ɗa.

Cikin 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita tare da Yusufu, basasa ta tashi. Agalawan Bebeji suna wajen Tukur, kuma ɓangarensa ne aka ci. Aka ƙwace dukiya, aka kama mutane, gidan Madugu Abdullahi ma bai tsira ba, domin an bautar da waɗansu daga cikin 'ya'yansa, sai daga baya aka fanshe su. A wannan rana zama ɗan madugu bai hana kowa igiya ba. Abin da yaƙi bai iya ƙwacewa ba shi ne sanin ciniki da kuma mutanen da suka san ubansa a kan hanya, waɗanda za su ba ɗansa kaya bashi saboda tsohuwar amana.

Da ƙura ta lafa Alhasan ya koma fatauci. A nan ne ya bambanta da sauran Agalawa da suka gaji abin da ya gada. Ya ga jaki ba zai yi tsere da jirgin ruwa ba, sai ya riƙa ɗora goro a jirgi daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko. Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, shi kuwa ya taso ya zauna cikin birni, a wajen Sarari. Da cinikin gyaɗa ya buɗe, Kamfanin Neja ya neme shi a 1918 ya zama mai saya musu. Ya bi irin tsarin da ya sani tun na goro: ya ba yaransa kuɗi tun kafin kaka su shiga ƙauyuka, manoma su karɓa su biya da gyaɗa. Kafin 1922 ba attajirin da ya kai shi a Kano. Sa'ad da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano cikin 1929, raƙuma ashirin ne suka kai kuɗinsa na azurfa. Buhunan gyaɗa da ake jerawa kamar dutse, waɗanda aka sani da dalar gyaɗa, da sunansa ake tuna su.

Game da 'ya'yansa, ya sa su karatun addini, ya sa su aiki tun suna samari, ana tura su sayen gyaɗa kamar sauran yaran gida. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955 sai ya tara su, ya yi musu wasiyya su zauna tare kada su yayyaga kamfanin, su riƙe zumunci, su ci gaba da aure cikin dangi gwargwadon hali. Wanda ya ga rabon gādon Madugu yana ɗan shekara takwas ne yake wannan wasiyya. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, ƙarshen Zulhajji 1374, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Sanusi ya yi tasa harkar, ya rasu a 1997. 'Yarsa Mariya ita ce ta haifi Aliko Ɗangote a 1957, wanda ya fara ciniki da rancen da ya karɓa daga wajen kawunsa.