Takaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877-1955)

An haifi marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuri'ar Agalawa, fataken da suka shahara wajen safarar goro daga Gwanja. Tsohuwar hanyar fatake da ta tashi daga Kano da Zariya zuwa bakin Kwara ta ratsa ta Birnin Gwari, don haka sana'ar gidansu ba baƙuwa ba ce ga kakanninmu.

Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta yau. Sai riƙonsa ya koma hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo laƙabin Ɗantata. Ya yi karatun allo cikin ƙuncin rayuwa. A lokacin yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 an kama shi a matsayin bawa, kafin daga baya ya sami 'yancinsa. Ke nan ya san maraici, ya san rashi, ya san bauta, tun kafin ya san arziki.

Ya fara da cinikin goro, inda ya kasance cikin fataken farko da suka riƙa ɗora kayansu a jirgin ruwa zuwa Ikko. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, kuma a 1918 Kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. A shekarar 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20.

Ginshiƙin wannan dukiya shi ne amana. Yakan ba yaransa jari tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su sayi amfanin gona, ba tare da wata jingina ba face sanin halin mutum. Da yawa daga cikinsu sun tsaya da ƙafafunsu, har sun zama attajirai. Gaskiya ne farashin gyaɗa yana hannun kamfanonin Turawa, daga baya kuma hukumar ciniki, kuma manomi ba kullum yake cin moriyar guminsa ba. Amma Ɗantata ya fahimci cewa dalar gyaɗa ba ta tashi sai manomi ya yarda da mai awo, kuma duk wanda ya cuci manomi bana, baɗi ba zai ga buhunsa ba.

Bai tsaya ga tara dukiya ba. Ya ciyar da mabuƙata, ya taimaki malamai da almajirai, ya kuma ɗauki nauyin mutane zuwa aikin Hajji. Wajajen 1950 ya haɗa jari da wasu attajiran Kano suka kafa masaƙa, domin a sarrafa audugar ƙasa a gida, 'ya'yan talakawa su sami aikin yi.

Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a birnin Kano. Ya bar wasiyyar kada 'ya'yansa su raba kan kasuwancin. Daga cikinsu akwai Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, wanda ya rasu a 2025. Alhaji Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne.

Rayuwarsa ma'auni ce ga masu sayen hatsi da masu haƙar zinare a ƙasar Birnin Gwari, da hakimai da dagatai da kansilolin da ke karɓar baƙuncinsu. Kafin a yaba wa mai jari, ya kamata a duba mudun da yake awo da shi, da hakkin leburansa, da halin da zai bar gonaki da ruwan shan jama'a a ciki.

Allah ya jiƙansa da rahama, amin.