Umaru Ganda (1935-1981): Sojan da Ya Mayar da Shaidarsa Fim

1.0 Gabatarwa

A fagen finafinan da ke ɗaukar shaidar ganau kan yaƙi da danniya, tambayar da ta fi damun manazarta ita ce wane ne mai labarin: wanda abin ya faru a kansa, ko wanda ya riƙe kyamara? Rayuwar Umaru Ganda, ɗan Jamhuriyar Nijar, ta ba da amsa a aikace, domin ya tsaya a matsayin biyu duka.

2.0 Tasowarsa da Aikin Soja

An haifi Ganda a Yamai a shekarar 1935, a gidan Zabarmawa. Bayan karatun firamare, yana da shekara 16 ya shiga rundunar Faransa, aka tura shi yaƙin Indosin, inda Faransa ta yi ta fafatawa da masu neman 'yancin Biyetnam daga 1946 zuwa 1954. Wato yaron da ake mulka aka ba bindiga ya yaƙi waɗanda ake mulka irinsa. Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba, sai ya tafi ci-rani Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

3.0 Ganau a Fim ɗin Wani

A Abijan ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen masanin al'adu da ke nazarin 'yan ci-ranin Nijar. Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville. An ɗauki hotunan ba tare da murya ba. Daga baya Ganda ya zauna yana kallo, yana faɗin abin da ya zo bakinsa, aka ɗora a kan hotunan. A ƙarshen fim ɗin an nuna shi a bakin ruwa yana ba wani yaro labarin yaƙin, yana kwatanta jifan gurneti, yana faɗuwa ƙasa kamar wanda aka harba. Fim ɗin ya ci lambar Louis Delluc a Faransa. Sai dai Ganda ya fito ne da laƙabin Edward G. Robinson, kuma zaɓen abin da zai shiga da wanda za a yanke yana hannun Rouch.

4.0 Labari a Bakin Mai Shi

Bayan ya koma Yamai, Ganda ya koyi aikin fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, ya sake ɗauko wannan labari da harshen Zabarmanci, shi ne marubuci, darakta kuma jarumi. Tsohon soja ya dawo daga Indosin da kuɗi, abokai suka yanyame shi, kuɗin na ƙarewa suka watse, fagen daga kuma yana ta dawo masa a zuci. A nan shaidar ba ta tsaya ga harbe-harbe ba, ta kai ga wulaƙancin da ya biyo bayan sallama, abin da soja kaɗai ya san zafinsa. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na 1969, ya kuma sami lambar yabo a Mosko.

Daga nan ya juya ga al'amuran gida. Le Wazzou polygame, labarin wani alhaji da auren dole, shi ne ya fara cin babban kambun bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Saïtane da L'Exilé suka biyo baya.

5.0 Kammalawa

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. An sa wa wata cibiyar al'adu a Yamai sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke ba fim ɗin farko na sabon darakta. Ga mai nazarin finafinan wannan yanki, kwatanta Moi, un noir da Cabascabo darasi ne: mutum ɗaya, yaƙi ɗaya, amma shaidar ta sauya da kyamarar ta koma hannun mai ita.