Mary Putnam Jacobi, Likitar da ta Ƙi Yarda da Hukunci ba Awo

A zamanin da, likitocin Turai da Amurka kusan dukkansu maza ne, su ne kuma ke tsara ƙa'idojin jinyar mata. Abin da suka zata game da jikin mace shi suke rubutawa cikin littattafai, ɗalibai su hardace shi tamkar gaskiya. Cikin waɗanda suka fara tuhumar wannan hali akwai Mary Putnam Jacobi.

An haife ta a birnin Landan ranar 31 ga watan Agusta na shekara ta 1842. Mahaifinta, George Putnam, Ba'amurke ne mai buga littattafai, ta kuwa girma a Niyok. Ta gama koyon haɗa magunguna a 1863, ta samu takardar likita a makarantar mata ta Filadalfiya a 1864. Da ta ga iliminta bai kai yadda take so ba, sai ta nufi Paris. A lokacin makarantar likitoci ta can ba ta ɗaukar mata, sai da ministan ilimi, Victor Duruy, ya sa baki kafin a buɗe mata ƙofa a 1868. Ta zauna birnin har lokacin da sojan Jamus suka kewaye shi, ta kammala a 1871 tare da lambar yabo. Bayan ta koma gida ta auri likitan yara Abraham Jacobi a 1873.

Cikin wannan shekara ce wani tsohon malamin jami'ar Harvard, Edward Clarke, ya fitar da littafi wanda ya ce idan ƴan mata suka yi karatu mai zurfi lokacin haila, ƙwaƙwalwa za ta janye ƙarfin da mahaifa ke bukata, su ƙare da ciwo ko rashin haihuwa. Hujjarsa ba ta wuce labarin ƴan mata ƙalilan ba, amma littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, masu adawa da karatun mata suka riƙe shi makami.

Mary ta amsa masa da bincike. Ta rarraba takardun tambayoyi, mata 268 suka ba da amsa game da lafiyarsu, da karatunsu, da aikinsu. Ta kuma bi waɗansu mata tana auna bugun jininsu, da zafin jikinsu, da ƙarfin damtsensu, kafin haila da lokacinta da bayanta. Abin da ta gano shi ne, mace mai lafiya, mai cin abinci isasshe, haila ba ta tilasta mata kwanciya ko barin aiki. Ta aika da rubutun ga gasar Boylston ta jami'ar Harvard ɗin nan, ba tare da sunanta ba, kamar yadda dokar gasar ta tanada. A 1876 alƙalai suka ba ta lambar, ta zama mace ta farko da ta ci ta. A 1880 kuma ta zama mace ta farko cikin majalisar masanan likitanci ta Niyok.

Da ƙari ya fito mata a ƙwaƙwalwa, ta rubuta alamun ciwon dalla-dalla domin amfanin likitoci. Ta rasu ranar 10 ga watan Yuni na 1906.

Matsalar da ta yaƙa ta daɗe bayanta. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da umurnin a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga gwajin farko na sababbin magunguna, har aka riƙa ba mata ƙimar maganin da aka gwada a jikin maza. Sai a 1993 doka ta wajabta sa mata cikin binciken da hukumar lafiya ta ƙasar ke biya. A 2013 aka rage wa mata rabin ƙimar maganin barci zolpidem, don an tarar yana daɗewa cikin jininsu fiye da na maza. Hanyar da aka bi aka gane haka ita ce wadda Mary ta nuna tun 1876: a auna matan kafin a rubuta musu ƙa'ida.