Denis Burkitt, Likitan Da Ya Bi Sawun Ciwon Daji Da Taswira

A wannan makon filinmu na tarihin magabata ya leƙa ƙasar waje, amma labarin zai dawo da mu gida Najeriya.

An haifi Denis Burkitt ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ayilan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama, da ido ɗaya ya yi sauran rayuwarsa. Ya shiga jami'a a Dublin da niyyar zama injiniya, daga baya ya koma karatun likita, ya kammala a 1935, ya kuma ƙware a aikin tiyata. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, ya kama aiki a Yuganda.

A 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala, aka nuna masa wani yaro ɗan shekara biyar, muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama. Ba a jima ba ya sake ganin wani yaron da irin wannan kumburi a garin Jinja. Da wani ne, da ya rubuta magani ya wuce. Shi kuwa ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38 masu ciwon. Kusan babu wanda ya kula da rubutun.

Nan ne wurin da ya fi burge mu. Burkitt ba shi da ɗakin bincike, ba shi da kuɗin kirki. Ya buga takardu ɗauke da hotunan yaran, ya aika wa asibitoci a faɗin Afirka yana tambaya ko suna ganin irin wannan ciwo. Duk inda aka amsa da e, sai ya soka ƙusa a taswira. A 1961 shi da abokansa biyu, likitoci Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota, suka yi tafiyar kusan mil 10,000 cikin mako goma, suka ziyarci asibitoci sama da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Taswirar ta nuna cewa ciwon na bin wurare masu zafi da ruwan sama, yana ƙauracewa tsaunuka masu sanyi. Da ya duba Najeriya, ya tarar ya fi yawa a kudu, bai cika yawa ba a wajen Kano inda damina take gajera. Wace halitta ce ke son zafi da ruwa? Duk wanda ya kwana a Runka cikin watan Agusta ba gidan sauro ya san amsa. Daga baya aka gane cewa yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro na buɗe wa ciwon hanya.

A watan Maris na 1961 ya yi lacca a Landan. Cikin masu sauraro akwai wani masani mai suna Anthony Epstein, wanda ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ciwon daga Kampala ta jirgin sama. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango wata ƙwayar bairos a ciki. Ita ce bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam, ana kiranta Epstein-Barr. A 1982 kuma masu nazarin DNA suka gano abin da ke faruwa cikin ƙwayar halitta: wani yanki na kuromozom na 8 kan tsinke ya manne a na 14, sai wani ɓangaren gado mai suna MYC, mai ba da umarnin rabuwa, ya kunnu ya ƙi mutuwa. Shi ya sa kumburin kan iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Najeriya na da hannu a aikin. A Ibadan, a 1963, aka ɗebi ƙwayoyin ciwon daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, aka raya su cikin kwalba. Ana kiransu Raji, kuma har yau ɗakunan bincike na duniya na aiki da su. A Ibadan ɗin dai Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, ya yi ta gwada magunguna, kamar yadda Burkitt ya yi a Kampala. Suka ga kumburin na narkewa, wani lokaci bayan allura ɗaya ko biyu. A 1972 su biyun suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka.

Kada mu ce tunda ya fi yawa a kudu bai shafe mu ba. Likitocin yara a Zariya na ganinsa. Idan ƙaninka ko ƙanwarka muƙamuƙi ko ciki na kumbura da sauri, haƙora na girgiɗi, kada a zauna ana cewa hangum ne ko sammu. A kai shi asibiti a makon, a nemi takardar turawa Katsina ko Shika. Ana warkewa idan an zo da wuri.

Burkitt ya koma Ingila a 1966, ya juya kan abinci. Ya lura cewa ciwon dajin hanji bai cika kama mutanen karkarar Afirka ba, ya danganta haka da cin hatsi da dusarsa da wake da ganye. Mun yi dariya da muka karanta wannan, don mu nan akuya muke zuba wa dusar bayan surfe. Ya rasu ranar 23 ga Maris, 1993, yana da shekara 82, kuma ciwon muƙamuƙin har yau da sunansa ake kiransa a littattafan likitoci.