Nana Asma'u da Matan Ƙauye

Yau ina so mu tuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan ta.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye suke ita da Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka da idonta ta ga yunwa da gudun hijira da zawarawan yaƙi. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Malamai mata ba su yi ƙaranci a gidan Shehu ba. Ni abin da ya fi kama ni game da ita shi ne inda ta kai iliminta. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da mata, da yawansu kamammu ne, ba su san tsarki ba balle sallah, bori suka sani. Matar aure kuwa ba za ta bar gida ta tafi Sakkwato karatu ba. To, yaya za a yi?

Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta taho da 'yan mata da tsofaffi a ƙasa, su zauna gabanta su haddace waƙoƙinta na tauhidi da alwala da tarihin Annabi (SAW), su koma su karantar da na gida. Su ne 'Yan Taru. Kuma ba karatu kaɗai ba: jinyar marasa lafiya, wankan gawar mata, sasanta kishiyoyi, duk suna yi. Ku lura, ba allo ba takarda, waƙa ce a ka, ana daka ana rerawa.

Nakan tuna wannan in na ji labarin ƙauyukan Birnin Gwari, inda 'yan bindigar daji suka sa aka rufe makarantu shekara da shekaru. A kowane ƙauyen nan akwai mace ɗaya da ta sauke Alƙur'ani. Wa ya neme ta?

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar jajoji.